Ma'aikacin Gwamnati a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Abin da ke Ɗaga Shi da Abin da ke Zaunar da Shi

Jawabin da aka gabatar a zauren taro albarkacin bikin cikar masarauta shekaru 100

  



Gabatarwa

A cikin shekaru 100 da ake murnar cikarsu a yau, babu baƙon da ya fi ma'aikacin gwamnati yawan yin sallama a ƙofar fada. Malamin makaranta ne ko likita, malamin gona ne ko jami'in gandun daji, duk wanda aka turo ƙasar Tasawa ko ta Mayahi, da fada yake farawa. Yakan zo da akwatinsa da takardar turi, ya yi shekara 2 ko 3 ko 10, sannan ya dawo ya yi ban kwana. Fada tana nan zaune, ta ga zuwan ɗaruruwansu da tafiyarsu. Ta ga wanda ya zo a kan keke ya ƙare yana minista, ta ga wanda ya tsufa a kan kujerar da ya fara da ita, ta kuma ga wanda har gobe tsofaffi ke sa wa albarka ko da yake ya bar garin tun ba a haifi jikokinsu ba.

Maganar ta shafi kowane gida. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace tana da mutane fiye da 500.000, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Da wuya a sami zuriyar da ba ta da ɗa ko ƴa a lakwal, ko wanda ya gama karatu yana jiran a ɗauke shi, ko ɗan kwantaragin da ya yi shekaru yana dakon lambar aiki. Don haka wannan jawabi zai bi sawun ma'aikaci tun daga zamanin Turawa, ya duba abubuwan da ke yanke makomarsa, da waɗanda ke sa ya iya tafiya da zamani idan zamani ya juya. Abin da tarihi ya nuna shi ne, matsayin ma'aikaci da albashinsa a Yamai ake rubuta su, amma ɗorewarsa da amfaninsa a cikin jama'ar da aka turo shi ake samun su.

Daga fada zuwa bariki

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da ma'aikatanta. Akwai alƙali da limami, akwai sarkin kasuwa da sarkin noma, akwai jakadu masu karɓar haraji da dogarai masu tsaron doka. Gado da amincewar sarki su ne ke ba mutum muƙami, biyayya da iya zama da mutane kuwa su ke riƙe masa shi.

A watan Yuli na 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, wanda ya zubar da jini mai yawa tun daga bakin kogin Isa, ya wargaje a nan ƙasar Tasawa, kuma kaburburan jagororin biyu suna Maijirgi. Bayan ƴan shekaru mulkin Faransa ya zauna, Tasawa ta zama mazaunin kwamanda, har zuwa 1927 lokacin da aka mayar da hedikwatar yankin Maraɗi. A barikin kwamanda ne aka fara ganin sabon irin ma'aikaci, wato tafinta, da akawun da ake kira komi, da gardi, da mai jinya, da mushe mai koyarwa a lakwal.

A cikinsu duka babu mai ƙarfin tafinta. Kwamanda ba ya jin Hausa, sarki ba ya jin Faransanci, duk maganar da za ta ratsa tsakaninsu sai ta bi ta bakinsa. Tun daga wannan lokaci harshen Faransanci ya zama mabuɗin aikin gwamnati, lakwal kuma ta zama ƙofarsa. Sai dai gidaje da yawa, har da manya, sun ɓoye ƴaƴansu daga makarantar Nasara, suka tura ƴaƴan barori da marayu. Ba a yi shekaru 30 ba sai ga waɗannan yara a bayan teburi, ana zuwa ana gaishe su. Wannan shi ne darasi na farko da fada ta koya game da takarda.

Ɗan ƙasa a wancan zamani yana da rufin da ba ya wucewa, domin manyan muƙamai na Turawa ne. Ƙalilan ne suka kai makarantar William Ponty ta Sanagal, wadda ke horar da malamai da akawuna na Afirka ta Yamma. Daga cikinsu akwai Boubou Hama, da Diori Hamani wanda ya koyar a Maraɗi, da Djibo Bakary. A 1946 aka soke aikin tilas, a 1950 dokar Lamine Guèye ta nemi daidaita haƙƙin ma'aikaci baƙar fata da na Bature, a 1956 kuma aka fara miƙa wa ƴan ƙasa ragamar ofisoshi. Malaman makarantar nan su ne suka zama jagororin siyasa. A nan ne darasi na biyu ya fito, domin bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ma'aikata da yawa da aka sani da goyon bayan jam'iyyar Sawaba sun gamu da canjin wurin aiki na horo, wasu aka kore su. Tun kafin a sami ƴanci, siyasa ta riga ta shiga cikin fayil ɗin ma'aikaci.

Zamanin da aiki ke jiran mai takarda

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami ƴancin kai da ma'aikata ƴan ƙasa kaɗan ƙwarai. Gwamnati ta kafa makarantar koyon aikin mulki ta ENA a Yamai a 1963. A 1964 aka sake tsarin ƙasa, Tasawa da Mayahi suka kasance ƙarƙashin superefe, Maraɗi kuma ƙarƙashin perefe. Noman gyaɗa yana kan ganiyarsa, kamfanin SONARA da ƙungiyar gama kai ta UNCC, waɗanda aka kafa a 1962, suna buƙatar masu awo da masu lissafi. Makarantun horon malamai, da na aikin jinya, da makarantar aikin gona ta Kollo suna yaye ɗalibai, gwamnati tana kwashe su gaba ɗaya. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafafunta a 1973. A wannan zamani yaron da ya ci jarrabawa ya san aiki na jiransa tun bai bar aji ba, iyayen ƴan mata kuma ba su jinkirin ba mushe aure.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya zo da tsauri. Dattawan da ke cikin wannan zaure suna tuna yadda yakan faɗo wa ofis ba sanarwa, da yadda makara ko taɓa kuɗin gwamnati ke iya raba mutum da kujerarsa a yini guda. Kuɗin yuraniyom ya shigo a ƙarshen shekarun 1970, aka gina makarantu da asibitoci, aka ƙara ɗaukar ma'aikata. Mutane da yawa sun ɗauka haka za a dawwama.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, ga kuma fari da yunwar 1984, wadda mutanen wannan yanki suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, sharaɗin kuwa shi ne a rage kashe kuɗi. Aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka ƙarfafa wa wasu gwiwa su ajiye aiki da kansu su kama sana'a, aka rufe ko aka sayar da wasu kamfanonin gwamnati. Alkawarin da ke tsakanin lakwal da aiki ya warware.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai. Taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, jam'iyyu suka yawaita. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi tsanani da ma'aikacin Nijar ya taɓa gani. Akan yi wata da watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har aka yi shekarun da aka soke karatunsu ɗungum, waɗanda ake kira farar shekara. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Albashin da bai zo ba, in ya zo ma ya rage auki.

Jama'ar wannan yanki ta san yadda ma'aikata suka rayu a lokacin. Wasu sun ari gona sun yi noma, wasu sun yi kiwon tumaki don Babbar Salla, wasu matansu suka riƙe gida da ƙosai da ƙuli-ƙuli, ƴan tireda kuma suka buɗe littafin bashi ba tare da sanin ranar biya ba. Wanda ya zauna lafiya da mutanen gari bai kwana da yunwa ba. Wanda ya ɗaga kai sama lokacin da albashi ke zuwa, shi ya fi jin jiki. Daga 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa kai, daga baya suka zama ƴan kwantaragi, kuma a ƙarƙashin shirin ilimi na shekaru 10 da ya fara a 2003 suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a makarantun firamare.

Abubuwan da ke yanke makomar ma'aikaci

Na farko shi ne takardar da mutum ya shiga aiki da ita. Dokar ma'aikata ta 23 ga Yuli 2007, kamar waɗanda suka gabace ta, ta kasa ma'aikata rukuni-rukuni, daga A zuwa D, gwargwadon zurfin karatu. A da, mai takardar BEPC, wadda ake kira birbe, in ya yi makarantar horon malamai yakan fito a matsayin mataimakin malami, mai takardar bak kuwa ya fito cikakken malami. A cikin rukuni ana hawa mataki ne bayan kowace shekara 2, amma tsallakawa daga rukuni zuwa na sama sai da sabuwar jarrabawa da komawa makaranta. Saboda haka yaron da aka cire daga kwaleji a aji 3 don ya taya aikin gona ko ya tafi ci-rani, an riga an yanke masa rufin da zai tsaya a ƙarƙashinsa shekaru 30 masu zuwa.

Na biyu shi ne lambar aiki, wadda ma'aikata ke kira matirkil. Malamai 2 suna iya koyarwa a makaranta ɗaya, a ɗakuna masu maƙwabtaka, ɗaya yana da lamba ɗaya ba shi da ita. Mai lamba yana hawa mataki, yana da fansho a gabansa, banki na ba shi rance. Ɗan kwantaragi abin da yake karɓa bai kai na abokinsa ba, sau da yawa yakan makara, kuma bai san ranar da za a tabbatar da shi ba. Haka masu digirin da suka yi hidimar ƙasa suka gama, suka koma gida suna jiran a buɗe jarrabawar ɗaukar aiki. Buɗe wannan ƙofa kuwa ya dogara ne ga aljihun gwamnati, wato ga farashin yuraniyom da man fetur, da damina, da abin da tsaro ya ci daga kasafin kuɗi. Waɗannan abubuwa ne da babu ma'aikacin da ke da iko a kansu.

Na uku shi ne siyasa da sanayya. Tun daga 1993 kalmar wasoso ta shiga bakin jama'a, ana nufin rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun da suka ci zaɓe. Duk lokacin da gwamnati ta sauya, sai a ga daraktoci sun sauya, har zuwa kan shugabannin makarantu da na asibitocin karkara. Wanda aka sauke yakan zauna shekaru ba ofis ba aiki, yana karɓar albashi yana jiran iska ta juyo. Masu binciken cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, sun daɗe suna nuna tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da yadda ake aiki a zahiri, inda shugaba ke kasa hukunta na ƙasa da shi saboda akwai mai tsaya masa. Illar wannan ita ce, matashin da ya shigo da himma yakan gane da wuri cewa sanin wani babba ya fi kyakkyawan aiki saurin kai mutum sama, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Na huɗu shi ne wurin da aka tura mutum. Wanda ke Yamai ko Maraɗi yana jin labarin jarrabawa da na ƙaro ilimi tun da zafinsa, yana iya shiga Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, yana iya bin fayil ɗinsa daga ofis zuwa ofis. Wanda ke wani ƙauye a arewacin Urafan ko bayan Gidan Amumun, sau da yawa sai an rufe karɓar takardu labari ke iske shi. Wannan ne ke sa kowa neman a dawo da shi birni, makarantun gari su cika da malamai, na daji kuwa malami guda ya riƙe aji 2 ko 3 a rumfar kara. Ga mata abin ya fi sarƙaƙiya, domin aure kan ɗaure su a inda maigida yake, kuma ƙauyukan da suka fi buƙatar ungozoma da malama su ne suka fi ƙarancin ƴan matan da suka yi nisa a karatu.

Waɗanda suka iya tafiya da zamani

Duk da waɗannan sarƙoƙi, an ga ma'aikatan da aikinsu ya sauya kama a hannunsu kuma ba su faɗi ba. Babu misalin da ya fi na jami'in gandun daji. Tun daga dokar Turawa ta 1935 har zuwa dokar daji ta 1974, itatuwa irin su gawo suna ƙarƙashin kariyar hukuma, aikin jami'i kuwa shi ne kama mai sara da cin tararsa. Sakamakon haka manomi ya ɗauki itace a gonarsa a matsayin abin jawo masifa, yana tumɓuke shi tun yana ƙarami. Bayan yunwar 1984, da babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a wannan shekara, manoman jihar suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi har ya zama itace. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin kore a jihohin Maraɗi da Damagaram. Jami'in da bai san komai ba sai littafin tara ya zama baƙo a cikin aikinsa. Wanda ya sauko daga babur ya zauna da manoma, ya saurari matan Gulbin Kaba masu yankan kaba da saƙar tabarma, shi ne ya zama malami kuma abokin shawara, shi ne kuma ayyukan raya karkara suka riƙa nema.

Haka abin yake a fannin lafiya. Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou ya baza ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, masu jinya suka koyi sabuwar hanyar kula da yara masu tamowa a gidajen iyayensu da abinci na musamman da aka haɗa da gyaɗa. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekaru 5 kyauta, aiki ya ninka, kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci kuwa yana makara. Majo ɗin da ya iya lissafi, ya iya zama da kwamitin gari, ya iya lallashin uwa da harshenta, shi ne asibitinsa bai rufe ba.

Malaman makaranta sun ga tasu jarrabawa a 2017, lokacin da gwamnati ta auna ilimin ƴan kwantaragi a duk faɗin ƙasa, aka sallami dubbai, aka mayar da wasu horo. Abin ya yi ciwo, an kuma yi gardama mai zafi a kan adalcinsa. Amma ya nuna wani abu guda a fili: wanda ya rufe littafi ranar da ya karɓi takardarsa, wata rana za a tambaye shi abin da ya manta.

Tsarin mulki ma bai tsaya wuri guda ba. Zaɓen 24 ga Yuli 2004 ya kawo ƙananan hukumomi, 7 a gundumar Tasawa, 8 a ta Mayahi. Ma'aikacin da ya saba karɓar umurni daga superefe kaɗai ya wayi gari yana aiki da magajin gari da kansiloli, waɗanda wasunsu ba su taɓa shiga lakwal ba amma sun san kowace rijiya da kowane burtali. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun aka naɗa jami'an riƙo. Mai rubuta takardar haihuwa da mai karɓar kuɗin kasuwa sun ga shugabanni iri-iri sun wuce ta kansu, kuma abin da ya tsare su shi ne tsabtar rajistarsu. A tsakanin haka wayar salula ta shigo, kwamfuta ta kori keken rubutu, albashi ya koma banki, rahoto ya koma tafiya ta intanet.

Sauyi na baya-bayan nan ya taɓa tushen da aka gina aikin gwamnati a kansa. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma shekara da shekaru ana ɗaukar wannan fanni a matsayin na gefe. Ga ƴaƴan Tasawa da Mayahi wannan dama ce, da sharaɗi guda: jin Hausa daban, iya rubuta ta bisa ƙa'ida da tsara takardar ofis da ita daban. Wanda ya haɗa rubutun Hausa da Faransanci mai kyau ya riƙe abin da tafintan da ya riƙe, ba tare da ya tsaya tsakanin kowa da haƙƙinsa ba.

In aka tattara waɗannan misalai za a ga halaye iri ɗaya. Mutanen nan ba su daina karatu ba. Sun koyi harshe da al'adar inda aka kai su, ko da daga Dosso ko Agadas ko Diffa suka fito. Sun tsare hannunsu daga abin da ba nasu ba, shi ya sa sauyin gwamnati bai zame musu abin fargaba ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mai rawar da ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai ba, shi ne juyin farko ke kayarwa.

Rabon masarauta da manyan gari

Dokar 1993 da ta 2015 da suka tsara matsayin sarakunan gargajiya sun sanya sarki cikin tsarin mulkin ƙasa. Shi ke sulhunta rigingimun gona da na gado, shi ke tsaye kan karɓar lanho, ana kuma damawa da shi a kwamitocin kula da filaye. Babu rigakafin da ya yi nasara, babu rajistar yara a makaranta da ta cika, sai da sa bakin fada. Saboda haka masarauta da manyan gari suna da hannu a makomar ma'aikaci fiye da yadda ake zato.

Abu na farko shi ne masauki. Malami ko ungozomar da aka turo ƙauye, aka ba su ɗaki mai ƙofa, aka nuna musu rijiya, maigari ya ce wa jama'a waɗannan baƙinsa ne, da wuya su kwana suna rubuta takardar neman canji. Garuruwa da yawa sun rasa ma'aikatan kirki saboda abin da bai fi ɗaki guda da mutunci ba.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sanayyar da ake kuka da ita ba daga sama take faɗowa ba. Sau da yawa wani babba ne ke ɗaga waya don a dawo da ɗansa birni, ko a yafe wa ɗan'uwan da ya yi watanni bai je wurin aiki ba, ko a ɗauke jami'in da ya ƙi karkata doka. Kowace irin wannan alfarma, wani aji ne ya rasa malami, wata mai naƙuda ce za a ɗora a amalanke cikin dare. Da manyan gari za su juya wannan tasiri nasu, su riƙa shaidar ma'aikacin da ya yi aiki nagari a gaban perefe da gwamna, su nemi a tabbatar da ɗan kwantaragin da ya yi shekaru a daji bai gudu ba, da matasa sun ga cewa aiki ma yana da mai tsaya masa.

Abu na uku shi ne riƙe yara a makaranta har su kai inda takarda ke da nauyi, musamman ƴaƴa mata. Garin da ke son likita mace ta duba iyalinsa, dole wani gida a garin ya yarda ƴarsa ta yi karatun. Na huɗu kuwa shi ne amfani da dattawan da suka yi ritaya suka dawo gida. A cikinsu akwai tsofaffin sufetocin makaranta, da majo-majo, da masu lissafin baitulmali. Zaure guda a kusa da fada, inda za su riƙa shirya matasa don jarrabawar shiga aiki, suna kuma sanar da na ƙauye labarin da ke makara kafin ya kai gare su, zai rage tazarar da ke tsakanin ɗan birni da ɗan daji.

Kammalawa

A cikin shekaru 100 ma'aikacin wannan yanki ya yi aiki a ƙarƙashin kwamanda, da superefe, da perefe, da magajin gari, da jami'in riƙo. Ya ga zamanin da aiki ke jiransa, ya ga zamanin da shi ke jiran aiki. Babu mai iya cewa ga irin sauyin da yaran da ke aji 1 a bana za su tarar ranar da suka karɓi takardar turi. Abin da ke hannun iyaye da sarakuna shi ne su tura su da ilimi mai ƙwari da tarbiyya, su kuma karɓi ƴaƴan wasu da aka turo nan kamar yadda suke so a karɓi nasu a wata ƙasa.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, da ma'aikatan da suka yi wa wannan ƙasa hidima suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.